Yadda na tayar da Kombin mahaifina daga gindin bedi

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a gidanmu na unguwar Bagalam, ba a ɓata minti biyar a kan zancen motarsa ba. Malamin da ke rabon ya lissafa gida da gona da abin da ya rage a shago, ya ware wa Inna tumunin takabarta, sannan ya tambaya ko da sauran wani abu, sai Baffa ya nuna gindin bedi da haɓa ya ce akwai wancan tarkacen, a kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna shi a kilo. Ban zo da niyyar yin magana ba, amma na ce a yi mata kuɗi a sa ta cikin rabona. Aka kira mutum biyu masu sanin harkar mota, suka zagaya ta, suka ƙwanƙwasa jikinta, suka yanke mata farashin da bai kai na tsohon babur ba, aka cire shi daga kasona a gaban shaidu. Na nace a rubuta hakan a takarda, domin na sha ganin abin da ke faruwa tsakanin ƴan'uwa idan kayan gadon da aka raina jiya ya zo ya yi daraja.

Motar Volkswagen ce, irin wadda muke kira Kombi, an ƙera ta a ƙasar Jamus a 1971, kuma kamfanin Westfalia ne ya mayar da cikinta ɗaki. Kujerar baya tana miƙewa ta zama gado, akwai tebur da kabad da ɗan wurin wanke hannu, tagogin gefe suna da ragar sauro, rufinta kuma ana tura shi sama ya buɗe kamar tanti. Da ƙafarta ta zo ƙasar nan. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sukan sayi tsofaffin motoci, yawanci Peugeot, su keto hamada ta Tamanraset da Asamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar a Nijar su koma gida da kuɗin, har sai da rashin tsaro ya kashe wannan hanya a farkon shekarun 1990. Baba ya saye ta a hannun wasu Jamusawa, miji da mata, da guzurinsu ya ƙare a Maraɗi, gab da farin da aka yi a 1984. Fataucin atamfa da yadi yake yi a kasuwannin mako, daga Mayahi zuwa Dakoro da Gidan Rumji, kuma ya gane cewa mota mai gado da kabad mai kulluwa ta fi masa kowace akori-kura, tunda yakan isa gari da dare ya kwana tare da kayansa, da asuba ya buɗe ƙofar gefe ya baje kolinsa. Yaran unguwa suna kiranta ɗakin Alhaji. Ita ce ta riƙa kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, kuma amaren unguwarmu da dama a cikinta aka kai su. Da idonsa ya yi rauni ya ajiye ta a gindin bedi ya ce sai ya samu sauƙi, a nan ta yi shekara goma sha huɗu.

Baffa bai ji daɗin abin da na yi ba, kuma ya faɗa mini a fili. Ya ce mamaci addu'a da sadaka ke isa gare shi, ƙarfe ba ya ƙara masa komai, kuɗin da zan narkar a mota gara in haƙa masa rijiya. Ban yi masa musu ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban taɓa ɗaukar wannan aiki a matsayin abin da zai je wa Baba a kabari ba. Sadakarsa daban muke yi, mu da ƴan'uwana. Abin da ban iya bayyana masa ba a lokacin shi ne, ban san mahaifina a zaune ba. Duk inda na tuna shi, ko dai yana riƙe da sitiyari, ko yana tsugune a bayan motar nan da tsumma a kafaɗa. Inna ce ta raba gardamar da ta ce, "Ku ƙyale shi, shi kaɗai ya gaji taurin kan ubansa."

Fitar da ita daga gindin bedi ya ci mana yini guda. Tayoyin huɗu sun fashe sun nutse cikin ƙasa, birkin baya ya kama ya ƙi saki, kaji sun mayar da ƙarƙashin kujerar direba akurki, gara kuma ta hau ta cikin tayar baya ta cinye rabin katakon kabad. Muka haƙe ƙasa, muka ɗaga ta da jak, muka aro tayoyi, aka bubbuga gangunan birki da guduma har suka saki, samarin unguwa suka tura ta zuwa bakin titi suna yi mini dariya.

Neman makanike ya fi wannan wahala. Na farkon da na kira, yaro ne mai hannu a kan Toyota, ya zagaya gaba yana neman inda zai buɗe ya ga inji da lagireto, sai da na nuna masa ƙofar baya. Injin Kombi a baya yake, ba ya shan ruwa ko kaɗan, iska ce ke sanyaya shi, kuma silindojinsa huɗu a kwance suke, biyu na kallon dama biyu na kallon hagu. Yaron ya ba ni shawarar da kowa ya ba ni daga baya, wato a cire injin a dasa na wata ƙaramar mota ta zamani, a huta. Na ƙi, saboda da na yi haka, ƙarar da nake nema ba za ta dawo ba, kuma duk wanda ya girma kusa da irin wannan mota yana gane kukanta tun daga kwanar layi. Inna ce ta tuna mini da tsohon makaniken Baba, ta ce idan yana raye yana can wajen Sabon Gari. Na same shi, ya bar aiki ya bar wa ƴaƴansa gareji, yana zaune a kan benci yana jan carbi. Da na faɗi sunan mahaifina ya yi masa addu'a, sannan ya tambaye ni abu guda: "Ɗana, kwanukan da ke lulluɓe da injin suna nan, ko an cire?" Na ce ban sani ba. Ya ce in je in duba, idan babu su, kada in wahalar da kaina da dawowa.

Suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Garin dubawa ne na ci karo da wani ƙaramin littafi a aljihun ƙofar direba, irin na ƴan lakwal, ɓera ya ci gefensa. Baba ya rubuta duk abin da aka yi wa motar da ajami, ranar canjin baƙin mai, ranar sayen taya, garin da bel ɗin fanka ya tsinke da wanda ya taimake shi. Ajamina bai da ƙarfi, sai da na yi kwana uku ina haɗa baƙi. A wani shafi na 1993 na ga ya rubuta cewa makanike yana binsa jika goma sha biyu na aikin karanshaf, kuma ban ga inda ya soke ba, alhali duk sauran basussukan da ke littafin an ja musu layi. Hankalina ya tashi, domin an yi sanarwa wajen jana'iza cewa mai bin mamaci bashi ya zo, ba wanda ya zo da wannan. Na ɗauki kuɗin na kai wa tsohon, na ce, "Baba, ga haƙƙinku da na gani a rubuce." Ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi murmushi ya ce wannan bashi kafin a karya darajar sefa ne a watan Janairun 1994, saboda haka idan da gaske nake sai in ninka. Da ya ga na sa hannu a aljihu ya riƙe ni, ya ce Alhaji ya biya shi da turmin atamfa biyu lokacin auren ƴarsa ta fari, mantawa ya yi bai soke ba. Shi da kansa ya ja layin, kuma a ranar ya yarda zai tsaya a kan aikin, da sharaɗin ƴaƴansa su yi ɗagawa da kwancewa, shi ya yi awo da ɗauri.

Sauke injin bai kai awa biyu ba, domin ƙusoshi huɗu ne suka haɗa shi da giyabos, sai ƙarfen da ke tallafe da shi ta baya. Buɗe shi ne ya ɗauki lokaci. Fistin biyu sun manne da silinda saboda ruwan damina ya shiga ta salansa da kafireta, sai da aka jiƙa su da gazuwal na mako biyu ana bugawa a hankali da guntun itace. Tsohon ya fara duba silinda ta uku kafin sauran, ya ce al'adarsa ce tun zamanin tsofaffin injunan da na'urar sanyaya mai take tare wa ta ukun iska, har ta fi ƴan'uwanta zafi. A injin 1971 an riga an gusar da na'urar gefe, amma hannu ya saba. Karanshaf ɗin da aka yi rigimar bashinsa lafiyarsa lau, goge shi kawai aka yi. Abin da ya zama dole a saya sabo shi ne fistin da silindoji, da zobba, da bawul na fitar hayaƙi, da duk wata roba da takardar haɗi.

A nan aikin ya tsaya, kuma ya daɗe a tsaye. Kayan irin wannan inji ba su ƙare a duniya ba, tunda an ci gaba da ƙera Kombi a Barazil har ƙarshen 2013, ƴar'uwarta da muke kira kunkuru kuma an yi ta a Meziko har 2003, amma hanyarsu zuwa Maraɗi ta Legas da Kano take bi. Muna cikin haɗa lissafi aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da muke ɗauka kamar zuwa bayan gida ta zama abin lissafi. Na yi gaggawa, kuma gaggawar ta ci kuɗina: na aika wa wani dillali kuɗi ta waya ba tare da na ba shi awo ba, na ce masa kayan injin Kombi kawai. Bayan wata biyu kaya suka iso ta hannu da hannu, tsohon ya sa ma'auni ya ce faɗin fistin milimita 83 ne, na injin 1500, namu kuwa na 1600 ne, milimita 85.5 yake bukata. Dillalin ya ce abin da na nema ya aiko, kuma ban isa in ce ƙarya yake ba. Sai bayan an buɗe iyaka a watan Maris na 2024 na shiga mota da kaina na tafi Kano, da tsohon fistin guda a cikin jaka da awo a rubuce a takarda, na yi kwana uku ina bin rumfunan kayan gyara a Ƙofar Ruwa har na haɗa abin da nake nema. Na farkon suna nan a kwali a ƙarƙashin gadona, ko Allah zai kawo mai tsohuwar kunkuru.

Watannin jiran ba su tafi a banza ba, domin mai waldar da muka samu da gas yake aiki, rashin wuta bai dame shi ba. Busasshiyar iskar ƙasarmu ta yi wa jikin motar rana; tsatsa ta ci wurin zaman batir, da ƙasan gilashin gaba inda roba ta tsage ruwa ya riƙa kwanciya, da matakan ƙofofin gaba, amma ƙashin bayanta da ke ƙasa ko ɗigo bai huje ba. Aka yanke ruɓaɓɓen aka dasa sabon ƙarfe. Gardamar da na yi da mai fenti ita ce ta fi tsawo a duk aikin, kuma a wajenta na gane abin da nake so da motar. Shi burinsa ya fitar da ita kamar yau ta fito daga kamfani, ya cike kowane lotsawa da mastik, ya goge komai ya fesa launi guda. Akwai wata lotsawa a ƙofar gefe, daidai tsayin ƙugu, wadda amalanken shanu ya yi mata a kasuwar Dakoro ina zaune a ciki ina ɗan shekara tara, kuma na tuna yadda Baba ya fito ya fara tambayar lafiyar san kafin ya dubi ƙofarsa. Na ce a bar ta. Akwai kuma rubutun da ya sa aka yi a saman ƙofar inji da farin fenti, "Sannu ba ta hana zuwa", wanda rana ta cinye rabinsa. Mai fenti ya ce zai goge ya sake rubuta shi da kyau fiye da na da, na ce a rufe shi da takarda a fesa kewayensa, a shafa masa man ƙyalli kawai. Ya yi yadda na ce yana gunaguni, yana cewa mutane za su zaci shi ne bai iya aiki ba. Wuri guda na yi sakaci, kuma har yau yana damuna. Kan sandar giya ya fashe tun muna yara, Baba ya sa wani masassaƙi ya yi masa na itace, wanda tafin hannunsa ya goge har ya yi sheƙi. Wani yaron gareji ya ga tsohon itace ne ya cire ya jefar, ya ɗaura na roba don ya faranta mini, kuma ban lura ba sai bayan an kwashe shara.

Cikin motar bai ba da wahala sosai ba. Kafinta ya kwafi kabad ɗin daga ɓangaren da gara ta bari, muka mayar da tsofaffin maɓallai da hannayen ƙofofi. Tantin rufi ya ruɓe gaba ɗaya, wani mai ɗinkin tamfol ya auna tsohon ya ɗinka sabo, ya sa masa ragar sauro. Labule kuwa Inna ta hana a saya, ta buɗe adakarta ta fito da ragowar wata atamfa cikin kayan da Baba ya bari, ta ba tela da kanta. Wayoyin wuta ɓeraye sun gama da su, aka sake ja daga gaba har baya. An canza duk bututun birki da na man fetur, kuma a kan na fetur tsohon bai yarda da rangwame ba, domin a wannan mota tankin mai yana gaban inji kaɗan, tsohuwar roba guda idan ta tsage ta zubo mai a kan ƙarfe mai zafi, kafin direba ya ga hayaƙi a madubi wuta ta riga ta kama. Ya sa na sayi tulun kashe gobara kafin ya yarda a zuba mata ko lita ɗaya.

Ranar haɗa inji na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa na zauna kusa da shi. A nan na fahimci tambayarsa ta ranar farko. Fanka tana jan iska ta ramukan da ke saman gefen motar ta baya, kwanukan nan su ne ke bi da iskar ta kan silindoji su fitar da ita ta ƙasa, robar da ke kewaye da injin kuma ita ke hana zazzafar iskar ƙasa dawowa sama. Ya ce yawancin Kombin da suka mutu a ƙasar nan makanikai ne suka kashe su, da suka riƙa cire kwanukan suna jefarwa wai don inji ya sha iska, alhali a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Maraɗi ke wuce digiri 40, kwano ɗaya da ya ɓata ya isa ya ƙone bawul. Ya koya mini abin da ya ce Alhaji ya iya da ido a rufe. Baƙin mai lita biyu da rabi ne kacal, kuma injin ba shi da matatar mai sai ƴar raga da ake wankewa, shi ya sa Baba yake canza mai tun kafin kilomita 5,000 da kamfani ya ƙayyade, musamman lokacin ƙurar hunturu. Matatar iska ita ma mai ake zuba mata, ƙura ta faɗa ciki ta kwanta. Tazarar bawul milimita 0.15 ce, kuma da sanyin safiya ake aunawa kafin a tayar da inji. Wayoyin buji suna bin tsarin 1, 4, 3, 2, kuma da na ɗaga ƙofar inji ta ciki na ga waɗannan lambobi huɗu a rubuce da ƙusa, da hannun Baba.

Ba ta tashi a bugu na farko ba, haka na biyu. A na uku ta yi tari ta fitar da hayaƙi fari ta mutu, tsohon ya ɗan juya abin raba wuta da hannu ya ce a sake. Da ta kama, duk garejin aka yi shiru ana saurare, shi kuwa ya ɗora tafin hannu a kan kwanon fanka ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya ce a bar ta ta yi minti ashirin kada kowa ya taɓa totur da ƙarfi. Na kira Inna a waya ban ce komai ba, na kara wayar kusa da salansa. Da na mayar kunnena na ji tana salati, sai ta ce in kashe kada in ƙona mai a banza.

Takardu sun ɗauki makonni. Katin motar da sunan Baba yake, saboda haka sai da na haɗa takardar shaidar rasuwa da ta rabon gado, a nan takardar da na nace a rubuta ta yi amfani, sannan aka mayar da shi sunana, na yi inshora, aka kai ta wajen masu duba lafiyar mota. Daga ranar da aka tura ta daga gindin bedi zuwa ranar da na samu izinin hawa titi da ita, shekara biyu ne da ƴan watanni, kuɗin kuwa na daina tarawa tun da ya wuce albashina na wata shida.

Tafiyar farko Madarumfa muka yi, ni da Inna da Yaya da yarana biyu, wata Lahadi da safe, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba. Tsohon ya gargaɗe ni kada in wuce 60 har sai zobba sun zauna, ko da yake inji mai ƙarfin doki 50 da ke ɗauke da ɗaki guda bai cika jarabtar mutum da gudu ba. Inna ta zauna a kujerarta ta gaba ta riƙe ƙarfen da ke gabanta kamar yadda take yi a da, ta kuma lura tun kafin mu fita gari cewa kan sandar giya ba na Alhaji ba ne. Wasu samari biyu a kan babur suka biyo mu, suka karanta rubutun baya, da suka zo wucewa na bayan ya ɗaga murya ya ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba!" Haka ake yi wa Baba shekara da shekaru, shi ya sa bai taɓa rubuta ƙarashen ba. A bakin tafki muka ɗaga rufi, yara suka hau sama, Yaya ta dafa shayi. Na buɗe baya na zaro sandar awon mai kamar yadda aka koya mini, na ga ɗigo biyu a ƙasa, na buɗe littafin Baba na rubuta su a ƙarƙashin layinsa na ƙarshe, da boko.

Bayan sati uku Baffa ya zo gidana da magariba, muka gaisa, ya zagaya motar sau biyu yana taɓa lotsawar ƙofa. Sannan ya ce za a kai kayan ɗakin ƴar autarsa Tasawa bayan Sallah, ya tambaya ko wannan tarkacen zai iya zuwa ya dawo. Na ce masa tafiyar ta fi kilomita ɗari, sai na sake canza mai, an sake auna bawul, kuma sai mun tashi da asuba mu isa kafin rana ta take. Ya ce in shirya, shi zai zauna gaba.